Carki Ba Likitan Shanu Ba Ne: Kurakuran da Ake Yi Kan Cuɗanyar Halittu

Ɗalibai da dama, in aka ce su kawo misalin cuɗanya tsakanin halittu, sai su zuba komai a kwando ɗaya: wai duk dabba ko tsiron da ke manne da wani, cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi. Kuskuren farko ke nan. Anton de Bary, masanin tsirrai ɗan Jamus da ya yaɗa wannan batu a 1879, zama tare kawai yake nufi tsakanin halittu mabambanta, ko da daɗi ko ba daɗi. Gyaran shi ne a riƙa tambaya: wa ya ƙaru, wa ya ragu? Ƙudan zuma da fure duk sun ƙaru. Belbelar da ke bin garke tana cafke farar da kofaton shanu ya tayar, ita ce ta ƙaru, saniya ko a jikinta. Kaska kuwa ci-ma-zaune ce, ta sha jini ta bar cuta.

Sai carki, wanda aka daɗe ana yi wa kallon likitan shanu. Yana cin kaska, babu musu. Amma binciken da Paul Weeks ya yi a Zimbabwe, wanda aka buga a 2000, ya nuna shanun da aka hana carki sauka a kansu ba su fi sauran yawan kaska ba, kuma gyambon waɗanda yake ziyarta ya fi daɗewa bai warke ba, domin yana tona shi yana shan jini. Wanda ya taɓa jinyar jaki mai gyambo a gadon baya ba sai an gaya masa ba. Saboda haka kada makiyayi ya bar wa carki aikin kaska, ya nemi magani, ya kuma kare ciwon dabbarsa daga bakin tsuntsun.

Labarin tsuntsun da ke shiga bakin kada yana yi masa sakace kuwa, a daina rubuta shi a jarrabawa. Daga Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, ya samo asali, sama da shekara 2,400 ke nan, kuma har yau babu binciken da ya tabbatar da shi. Hoton da ya fi yawo a intanet ma haɗin kwamfuta ne.

A gona ne kuskuren ya fi tsada. Manomi ya tuge wake ko gyaɗa, ya ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, sai ya ɗauka cuta ce. Alhali gidajen wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke janyo sinadarin naitirojin daga iska su ba shuka, ita kuma ta biya su da sukari. Ka fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, aiki yake yi. Ƙullin kirki yakan ɓalle daga gefen saiwa cikin sauƙi. Wanda tsutsar ƙasa ke haddasawa kuwa saiwar ce kanta ta kumbura, ba ya ɓalluwa. Wannan ne ma ya sa zuba wa wake yuriya da yawa asarar kuɗi ne, don in shuka ta samu a ɓagas sai ta rage hulɗa da baƙin nata. Kuma kada a ce tunda an noma wake bana, gona ta ƙoshi. In aka kwashe harawa kaf aka kai kasuwa, yawancin amfanin ya bi ta, sai fa in takin dabbobin da suka ci ya dawo gonar.

Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ana ɗaukar ta kamar sauran ciyayi, a ce ai noma zai yi maganinta. Ina! Irinta ba ya ma tsirowa sai ya ji irin sinadarin da saiwar dawa, gero ko masara ke fitarwa, sannan ya maƙale mata a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsa. Kafin ka ga furen nan mai kyau, ta riga ta yi ɓarnarta. Tushe guda yana zubar da iri dubbai, kuma irin yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Don haka tuge ta bayan ta yi 'ya'ya a yar a kunya, shuka ta ne da hannunka. A tuge ta da zarar ta fara fure, a fitar da ita daga gona a ƙone. Sannan a yaudare ta: auduga da waken suya da gyaɗa suna sa irin ya tsiro, amma bai iya kama saiwarsu, sai ya mutu da yunwa. A lura dai, wake yana da tasa wuta-wutar daban, wadda ba ruwanta da dawa, saboda haka a gonar da ta riga ta kama wake gara a juya zuwa waken suya ko a nemi irin waken da ke jure mata.