Yadda Za Ka Tallafa wa Marubucin da Kake Jin Daɗin Littafinsa

Duk mai karanta littattafan Hausa a waya ya san layin nan da ake sakawa a saman shafi: littafin nan na kuɗi ne, wanda ya karanta bai biya ba ban yafe ba. Da yawanmu mukan tsallake shi mu faɗa cikin labari, kamar ba da mu ake ba. Alhali wadda ta rubuta layin, don yawancin masu wannan rubutu mata ne, da babban yatsa ta yi taifin ɗin littafin, ta sayi data da kuɗinta, wataƙila ma sai da ta aika waya shagon caji kafin ta kammala babin da muke jira. To ga abin da mai karatu zai iya yi, da kai nake, da ke nake.

Na farko: ka biya, kuma ka biya mai haƙƙi

Tun a shekarun 1980 da 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe, marubuci ne ke ɗaukar nauyin buga littafinsa, ya kai wa 'yan kasuwa, ya zauna jiran sai an sayar a ba shi nasa. Kwafi guda kuma yakan zaga unguwa daga shagon haya har bangonsa ya yage. Waya ta zo ta rage wahalar maɗaba'a, amma jiran bai ƙare ba. Saboda haka idan ka karanta shafukan ɗanɗano suka yi maka, nemi lambar da marubuciyar ta saka da kanta, ka tura kuɗin ta asusunta, ka aika mata shaidar biya. Idan a manhaja irin ArewaBooks ta ɗora shi, saya a can. Masu karatu daga Nijar su tambaye ta hanyar da take karɓa, wasu kan karɓi katin waya.

A kula da masu tara littattafan mutane ashirin su ce a biya su kuɗi kaɗan a kwashe duka. Arha ce, amma ko sisi ba ya isa hannun wanda ya rubuta. Wannan sayen kayan sata ne, sunansa ke nan.

Na biyu: abin da ka saya, kada ka fitar

Nan ne gizo ke saƙar. Mutum zai biya tsakani da Allah, sai ƙawa ko ƙanwa ta ce don Allah a turo mata, ita kaɗai za ta karanta. Ita ma tana da tata ƙawar. Kafin gari ya waye littafin ya shiga zaurukan WhatsApp goma, wanda ke shirin biya ya mayar da kuɗinsa aljihu. Littafin takarda idan ka ba da aro, guda ɗaya ne ya fita, kuma sai ya dawo kafin wani ya samu. Na waya kuwa haihuwa yake yi, kowace turawa sabon kwafi ce.

Idan kana son ƙanwarka ta karanta, saya mata nata. Kuɗin sau da yawa bai kai na datar da za ta ƙona a yini ba. Idan kuma ka ga an watsa littafin kuɗi a zauren da kake ciki, yi wa shugabar zauren magana a gefe cikin mutunci, sannan ka sanar da marubuciyar. Na san wannan yakan jawo a ce maka mai iyayi. A ce ɗin.

Na uku: ka kira suna

Kana ba da labarin littafi a majalisa ko a gidan biki, an nutsu ana saurare, aka tambaye ka wa ya rubuta, sai ka ce wallahi ka manta. An yi asarar masu saye uku a nan take. Riƙe sunan littafi da sunan mai shi tare, kamar yadda ake riƙe sunan mawaƙi da waƙarsa. In za ka saka wani yanki da ya burge ka a Facebook, layi biyu ko uku ya isa, ka rubuta sunan a ƙasa, ka faɗi inda ake samu.

Haka tashoshin YouTube masu karanta littattafai da murya. Akwai waɗanda suka nemi izini suka yi yarjejeniya, akwai waɗanda suka ɗauka kawai, wani lokaci har da sauya wa littafin suna. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa daga intanet idan an ɗora ba da yardarsa ba. Sai dai mai haƙƙin ne ko wakilinsa zai shigar da ƙorafin. Naka shi ne ka tura masa adireshin bidiyon, don sau tari bai ma san an yi ba.

Na huɗu: sharhi mai nama

"Mun gode, Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau, amma ba ta sa baƙo ya sayi littafi. Faɗi abin da ya kama ka: yadda aka fito da halin kishiyar ba tare da an mayar da ita shaiɗaniya ba, ko yadda zancen tsohuwar ya tuna maka da kakarka. Kada dai ka tona ƙarshen labari. Gyara kuma, irin na ƙa'idar rubutu ko wurin da labari ya yi tsalle, aika shi ta saƙo tsakaninku. Da yawa suna karɓa hannu bibbiyu in an faɗa da ladabi.

Na biyar: na takarda bai mutu ba

Shiga shagon littattafai ka tambayi littafin da sunansa, ko da ka san babu. Mai shago ɗan kasuwa ne, in mutum uku suka tambayi abu guda zai nemo. Sa littafi cikin kyautar da kake wa ɗalibin da ya ci jarrabawa. In kana cikin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, kawo shawarar a sayi kwafi goma na littafin da ya dace da yara a kai ɗakin karatun makarantarku.

Sai maganar ƙaddamarwa, wadda take ci mini tuwo a ƙwarya. A taru a zaure, a karɓi makirfo, wannan ya yi alƙawarin kaza, wancan ya ninka, a yi tafi a watse. Wata shida marubuci na bin ƙofar ofis, ga bashin maɗaba'a a wuyansa. In dubu biyu gare ka, miƙa dubu biyun a wurin ka karɓi kwafinka. Ta fi masa alƙawarin dubu ɗari.

Na shida: ka zama mai kai labari

Gasar rubutu tsohuwar hanya ce a wurinmu, tun wadda aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko na boko. Yau akwai Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata. In ka ga sanarwa, tura wa marubuciyar da kake ganin za ta iya, wata ba ta shiga ne kawai don babu wanda ya ce mata ta isa. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, dama ce ta saka hoton bangon littafi guda ka ce wa mutane ga abin da za su karanta. Zaman karatu na marubuta, irin wanda rassan ƙungiyar marubuta ta Nijeriya, ANA, ke yi a jihohi, ba na marubuta kaɗai ba ne, je ka cika kujera ka yi tambaya.

In babu kuɗi a hannu

Karanta na kyauta, suna da yawa, ka yi sharhi, ka kira suna. Na kuɗin kuma bar shi har ka samu, ba ya rubewa. Kuma idan ci gaban labari ya yi jinkiri kwana biyu, kafin ka rubuta mata cewa tana ja wa mutane rai, tambaye ta tukuna ko lafiya.