Darasi na 6: Gwajin ciwon zuciya, wanne ne ake zuwa ba a karya ba?

Toh 'yan aji, yau maganar ciwon gajiyar zuciya za mu yi, wato zuciya ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ƙafa ta kumbura, mutum yana haki ko tsakar gida ya taka, da dare kuma ba ya iya kwanciya sai ya tara filo biyu ko uku. Hawan jini ne ya fi kawo shi a wajenmu, akwai kuma na masu jego, shi ya sa likitoci ke ta jan kunne kan yawan kunun kanwa.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne da an rubuta musu gwaji sai su ɗauka duka azumi ake yi, tsoho ya wuni a layi ba ci ba sha har jiri ya kwashe shi, alhali yawancin gwajin ba ruwansu da abinci. ECG, wanda ake liƙa wayoyi a ƙirji, ci abincinka ka je. Eko ma haka, shi hoton zuciya ne irin sikanin da ake wa masu ciki. Hoton ƙirji da gwajin ƙoda da gishirin jini, wanda ake yawan maimaitawa saboda maganin fitsari irin Lasix, su ma ba sai da yunwa ba.

Na suga ne ake cewa a zo ba a karya ba, awa 8. Na kitsen jini wani lokaci a ce awa 9 zuwa 12. Kuma fa wannan ba azumin Ramadan ba ne, ruwa zalla an yarda ka kurɓa daidai yadda likita ya ƙayyade maka, amma shayi da koko da goro a bari sai an ɗibi jinin. Idan ekon da ake zura ta maƙogwaro ne, shi kam kamar awa 6 ba ci.

Maganin zuciya kar ka tsallake shi da kanka. Mai ciwon suga kuma lallai ya tambaya tun ranar da aka ba shi takarda, don allurar insulin a kan yunwa tana iya kayar da mutum. Ka sa ɗan biredi a aljihu.

Aikin gida: an ce awa 8, za a ɗibi jini ƙarfe 7 na safe. Ƙarfe nawa za ka daina ci? Rubuta a littafinka.