Yadda ake saita lokacin da faifan laftof zai daina juyawa

Wanda ya kara kunne a jikin tsohuwar laftof zai ji wani siririn kuka da ba ya yankewa: faifan ajiya ne, wanda a yawancin irin waɗannan kwamfutoci yake juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, ko ana aiki da shi ko ba a yi. Tsayar da shi a lokacin da yake zaman banza yana rage cin batir, abin da duk mai zama inda ake yawan ɗauke wuta ya san darajarsa. Idan kuwa SSD ne a cikin kwamfutar, wato ma'ajiyar bayanai marar faifai, to babu abin da ke juyawa, ba sai an wahalar da kai ba.

A Windows, a buɗe Control Panel, a shiga Power Options, a danna Change plan settings, sannan Change advanced power settings. A ƙarƙashin Hard disk akwai gurbi biyu na rubuta mintocin da faifan zai jira kafin ya tsaya, ɗaya na batir, ɗaya na lokacin da aka jona caji. Minti 10 a batir da minti 20 a caji sun isa, sifili kuma yana nufin kada ya tsaya sam.

Wani kuskure da ake yi shi ne sanya minti ɗaya don neman tsimi. Tayar da faifai daga tsaye ya fi cin wuta fiye da barin sa yana juyawa na ɗan lokaci, kuma manhajojin da ke aiki a ɓoye ba sa barin sa ya huta, sai ya riƙa kwanciya yana tashi, kwamfutar tana daskarewa na 'yan daƙiƙoƙi duk lokacin da aka buɗe fayil.

A Linux, umarnin sudo hdparm -S 120 /dev/sda, wanda ake rubutawa a Terminal (/dev/sda sunan faifan ne), yana ba da minti 10, domin daga 1 zuwa 240 ana ninka lambar da daƙiƙa 5 ne. Idan ana jin faifan yana yawan ƙas-ƙas, hannun da ke karanta bayanai ne yake komawa mazauninsa akai-akai, matsalar da masu Ubuntu, wani nau'in Linux, suka yi ta kuka da ita a 2007. A duba Load_Cycle_Count, wato adadin komawar hannun mazauninsa, da umarnin sudo smartctl -A /dev/sda, tunda yawancin faifan laftof an ƙera su ne su jure hakan kimanin sau 600,000. Idan lambar tana hawa da sauri, sudo hdparm -B 254 /dev/sda zai lafar da abin, amma sai an rubuta saitin a /etc/hdparm.conf, in ba haka ba yana iya gogewa da zarar an kashe kwamfutar.