Yadda ake shirya ziyarar juna tsakanin matasan unguwannin da rikici ya raba

Tun bayan rikicin 2000 da na 2002, garin Kaduna ya kusa rabewa gida biyu: Musulmi sun fi yawa a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci kuma a tsallaken kogi, su Sabon Tasha da Narayi. Jos ma haka ta koma bayan 2001 da 2008 da 2010. Yaron da aka haifa a Unguwar Rogo zai iya girma har ya isa aure bai taɓa taka Unguwar Rukuba ba. Don irin waɗannan yaran ake shirya ziyarar juna. Amma sababbin hannu sai su kama ɗakin taro a otal, su buga riguna, a yi jawabi a ɗauki hoto a watse, babu wanda ya ga ƙofar gidan wani.

Da farko, ka je wurin mai unguwa da liman da fasto na kowane ɓangare, da ƙafarka. Kada ka aika takarda. Ka sanar da DPO, amma ka roƙe shi kada a haɗa ku da mota mai jiniya, domin baƙon da ya shigo da rakiyar bindiga ya riga ya gaya wa masu gida abin da yake zato game da su.

Na biyu, zaɓen masu tafiya. Mutum 12 zuwa 15 daga kowane ɓangare sun isa, maza da mata. Ka guji 'yan zuwa taron bita, waɗanda suka haddace kalmar zaman lafiya saboda kuɗin mota. Nemi ɗan acaba, da mai gyaran waya, da kyaftin ɗin ƙwallon unguwa, da ɗan sintirin da ake jin maganarsa idan gari ya ruɗe. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna a 1995, kowannensu jagoran matasa masu faɗa ne a da, har Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992. Da ta nagartar hali aka bi, da babu wanda zai gayyace su.

Na uku shi ne inda na ga ziyara ta fi lalacewa, kuma shi ake tsallakewa: waɗanda ba a gayyata ba. Ka shirya mutum 15, amma unguwar tana da dubbai. Baƙi suna saukowa daga mota, sai wani daga bencin mai shayi ya jefo baƙar magana, ya kira su da sunan da aka san na cin fuska ne. Shi ke nan. Za su zauna, za su ci abinci, amma idonsu na kan hanya, kuma abin da za su kai gida ke nan. Saboda haka tun saura mako guda, ka ɗauki matasan masauki ku bi hanyar da baƙin za su bi, taku bayan taku. Ku tsaya a majalisa, da tashar 'yan acaba, da gidan kallon ƙwallo. Ku sayi shayi, ku faɗi ranar da sunan unguwar da baƙin za su fito. Wanda kuka ga ya fi tsaurin ido, ku ba shi aiki: shi zai jera benci, ko ya raba ruwa, ko ya tsare motoci. Wanda aka ce baƙin nasa ne ba ya bari a taɓa su. Motar kuma ta tsaya a ƙofar mai unguwa, kada a sauke yara a bakin titi su shigo su kaɗai. Kowane baƙo a haɗa shi da mai masauki ɗaya wanda ya san sunansa tun kafin ya iso.

Ranar Asabar na fi so, Juma'a da Lahadi kowa na da uzuri. Lokacin zaɓe kuwa a haƙura gaba ɗaya. A fara da hantsi, kowa ya koma gida kafin magariba. Abinci matan unguwa su dafa, ya fi na otal araha da daraja. Musulmi ya yanka abin yanka, kada a kawo giya, a tanadi buta da wurin sallah.

Ranar farko kada a buɗe zancen wa ya fara. A ba hannu aiki: yashe kwata, ko share makabarta, ko ƙwallo. In ƙwallo ce a cakuɗa 'yan wasa, kada a kuskura a buga Musulmi da Kirista. Hoto sai da yardar mai shi, don akwai wanda ganinsa a Facebook zai jawo masa sunan maci amana a gida.

Sai ramuwar ziyara, wato masu masauki su ma su je unguwar baƙin. Tun kafin ziyarar farko a tsayar da ranarta, kada ta wuce mako biyu, kuma a ware kuɗinta daban tun daga farko don kada a cinye shi a shinkafar ranar farko.