Matakan zaɓen wurin shaƙatawa na bakin teku a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya

1. Fara da ɓangaren tsibirin. A Nungwi da Kendwa, can arewa, ana iyo kusan kowane lokaci. A gabas kuwa, Paje da Jambiani, teku kan janye nesa sau biyu a rana. In ba ka duba jadawalin cikar teku ba, sai ka biya kuɗi ka tarar da yashi da ciyawar ruwa.

2. Tambayi abin da kuɗin shiga ya ƙunsa: gadon kishingiɗa, laima, tawul. Wasu wuraren suna gindaya mafi ƙarancin kuɗin da dole ka kashe a kan abinci.

3. Mai iyali ya je da safe, domin da yamma kiɗa da giya sun fi yawa.

4. Kauce wa Afrilu da Mayu, damina ce mai ƙarfi.