Kurakuran da sabon mai lambun gida yake yi a arewacin Kamaru, da yadda ake gyara su

"Ni ba ni da hannun shuka." Haka za ka ji mutane da yawa suna faɗa a Garwa da Marwa bayan tumatirin da suka dasa a bayan ɗaki ya bushe, ko gwandar da aka yi wata da watanni ana ba ta ruwa ta ƙi 'ya'ya. Daga nan sai a jingine fartanya, a koma sayen kayan miya a kasuwa. Ban yarda da zancen hannu ba. In ka zauna da mai wannan magana ka tambaye shi a wane wata ya shuka, da wane ruwa, da wane taki, kafin ya gama ba ka amsa ka gane inda abin ya karkace. Mafi yawan lokuta a wuri biyu ne, lokacin shuka da ban ruwa, sauran kuma na biye.

Sabon shiga yakan fara ne a lokacin da sha'awa ta zo masa. Wani sai ya ga ruwan sama ya sauka a Yuni, ƙasa ta yi laushi, ya ce yanzu komai zai yi. Wani kuma a Maris ko Afrilu abin yake faɗo masa a rai. To a bazara zafin Garwa da Marwa da Kusuri, har Injamena a ƙetaren kogi, yana wuce digiri 40. Tumatir kuwa da zarar zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai huce ba, furensa zubewa yake yi ba tare da ya ɗaura ɗa ba. Za ka ga shukar kore shar, fure rawaya ya fito gwanin sha'awa, bayan kwana biyu ka tarar da shi a ƙasa. Mai shi sai ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ya ce irin ne ba shi da kyau. Salak a wannan zafi miƙewa yake ya yi tsiri, ganyen ya yi ɗaci. A tsakiyar damina kuma danshi ne ke kawo wa tumatir da albasa cututtukan ganye da ruɓewa.

Gyaran shi ne ka dubi abin da masu lambun Meskine a gefen Marwa da na bakin Binuwai suke yi, ka bi sawunsu. Tumatir, albasa, salak, kabeji, karas da tattasai kayan hunturu ne a ƙasarmu. Ana zuba irinsu daga ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, su girma cikin sanyin Disamba da Janairu, a kwashe amfani kafin bazara ta kankama. Damina ta kuɓewa ce da yakuwa da rama da lalo da alayyafo da kabewa da gauta. Waɗannan ba sa tsoron ruwa in ƙasar ba ta kwanciya da shi, kuma su ya kamata mai koyo ya fara da su domin suna da haƙuri. A bazara ka rage lambun, ka tsaya ga zogale da ɗan alayyafo da itatuwan da kake reno. Mutumin Ngaundare kam lissafinsa daban ne, don yana kan tudu mai sanyi, daminarsa kuma ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba. Kada na Marwa ya ɗauki shawarar ɗan'uwansa na can ya yi aiki da ita yadda take.

Sai girman lambu. Mutum ya share rabin tsakar gida a rana ɗaya, ya ja kwamai goma, bai tambayi kansa wa zai ɗebo ruwan ba. A rani kowace mita ɗaya murabba'i ta kayan lambu tana shan kamar lita 6 zuwa 8 a rana, a bazara ma fiye. Kwami mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyar ke nan yana neman jarka biyu ta lita 20 kullum, ba fashi. Yi wannan lissafi kafin ka ɗaga fartanya. Ka tuna kuma rijiyar da take cike a Nuwamba ba haka za ta kasance a Afrilu ba, famfo ma yana ɗaukewa. Kwami biyu da ke samun ruwa sun fi goma da ake raba musu bokiti uku.

Yadda ake ba da ruwan ma akwai magana. Wata matashiya a unguwarmu ta taɓa kiran wani dattijo mai lambu ya duba mata tattasai da yake yaushi kullum da rana. Ta ce, "Baba, wallahi safe da yamma nake ba shi." Bai ce komai ba, ya durƙusa ya cusa yatsa a gindin shukar. Saman ƙasar jiƙe yake, amma da yatsan ya shiga gaɓa biyu sai ga busasshen gari. Ya nuna mata ya ce, "'Yata, fuskar ƙasa kike wankewa, saiwa ba ta sha ba." Yayyafi irin wannan yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke gasa ta. A zuba ruwa a hankali a gindi har ya nutse kamar tsawon tafin hannu, da sassafe ko da la'asar sakaliya, sannan a riƙa gwadawa da yatsa. Kuma a riƙe ƙa'ida ɗaya. Tumatirin da aka bari da ƙishi kwana uku sannan aka malale shi da ruwa, shi ne 'ya'yansa ke tsagewa, ko gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Mutane kan ɗauka cuta ce su sayo magani, alhali ruwan ne yake zuwa yau da yawa gobe babu.

Ruwan wanke-wanke da na wanki mai omo kada ya je kan ganyen da za a ci. In ruwa ya yi wuya, na ɗauraya mara kumfa sosai a kai wa itace babba.

Abin da ya fi rage wahalar ɗiban ruwa, kuma mai koyo ya fi rainawa, shi ne rufe ƙasa. Busasshiyar ciyawa, harawar da dabbobi suka bari, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, a shimfiɗa tsakanin shuke-shuke da kauri kamar yatsa uku. Ƙasa ba ta saurin bushewa, ciyawa ba ta samun fitowa. Masu tsoron gara su bar ɗan fili tsakanin shimfiɗar da karan shukar, su riƙa leƙawa.

Ƙasa ma iri-iri ce, kuma gida da gida takan bambanta. Baƙar laka irin ta karal, wadda ake dasa masakwa a cikinta a yankin Marwa, tana riƙe ruwa har saiwa ta shaƙe, in ta bushe kuma ta dare ta yi tauri. Jigawa mai yashi kuwa ruwa wucewa yake. Maganin duka biyun ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki mai yawa da aka cakuɗa da ƙasar. Kuskuren da ake yi shi ne jan kwami iri ɗaya duk shekara. A rani fangali ake yi, mai ɗan zurfi da bakinsa a ɗage, don ruwa ya tsaya. A damina a ɗaga kunya, don ruwan Agusta ya sami hanyar wucewa.

Taki ɗanye ya kashe shuka fiye da rashin taki. Mutum ya kwaso kashin kaji daga akurki, ko na awaki daga turke, ya zuba a gindin dashe da kyakkyawar niyya, washegari ganye ya ƙone daga gefe. A tara shi a rami ko a tsibi a inuwa, a haɗa da busasshen ganye da ɗan toka, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har wata biyu zuwa uku. In ya yi baƙi, warinsa ya tafi, ya daina ɗumi a hannu, ya nuna. Takin zamani irin su yuriya da 20-10-10 kuwa ɗan kaɗan ake sawa, nesa da kara da kamar yatsa huɗu, a binne, a ba da ruwa. In yuriya ta yi yawa tumatir ganye zai yi ta yi, 'ya'ya kaɗan.

Game da iri, mutum ya ga tumatir jajir mai ƙiba a kasuwa, ya matse 'ya'yansa ya shanya. In asalin tumatirin nan irin haɗi ne, wanda ake rubuta F1 a jikin takardarsa, kallon kitse ake yi wa rogo, don abin da zai fito ba lalle ya yi kama da uwar ba. Irin gida kamar na kuɓewa da yakuwa da albasar Gudami ana iya ajiye shi a sake shukawa. Sai dai irin albasa ba ya jure ajiya, in ya wuce shekara a ɗaki mai zafi yawancinsa ya mutu. Kafin ka zuba kowane iri, ƙirga ƙwaya goma ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan mako guda. In bakwai sun tsiro, bismilla. Ƙananan iri ba a binne su da zurfi, ƙasa kaɗan ake barbaɗa musu. Kuɓewa da karas da kabewa ba sa son dashe, a shuka su inda za su zauna. Tumatir ana dasa shi bayan mako uku zuwa huɗu a raino, albasa bayan mako shida zuwa bakwai, da yamma, da ƙasar saiwarsa, a bar kamar rabin mita tsakanin tumatir da ɗan'uwansa. Mai koyo yana jin tausayin cire tsiro in sun cunkushe. Cire su, don in ba ka cire ba duka za su tsumbure.

Darni ko zana a kafa tun kafin iri ya shiga ƙasa. Akuya ɗaya ta ishi aikin wata biyu, kaji kuma raino suke tonewa.

Akwai kuskuren da ya fi duk waɗannan damuna, domin shi ba lambu kaɗai yake cutarwa ba. Yankinmu yankin auduga ne, maganin feshin auduga yana yawo a hannun mutane, ana kuma sayar da wasu magunguna a kasuwa cikin kwalaben da ba rubutu. Mutum ya ga tsutsa a kabeji ko yakuwa, ya karɓo ragowar maganin gona ya fesa, jibi a tsinka a yi miya yara su ci. An yi maganin nan ne don amfanin da ba a ci. Don Allah kada a kai shi kan kayan miya. A ƙaramin lambu hannu ya isa yawancin aikin: juya ganye da safe, tsince tsutsa, murje ƙwai. Ga kuma darbejiya da ta cika titunan Marwa. A daka busassun 'ya'yanta kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, a tace, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a maimaita duk mako. In dole sai an sayi magani, a sayi wanda aka rubuta na kayan lambu ne, a kiyaye kwanakin da takardar ta ce a jira kafin tsinka. Tumatirin da ganyensa ya nannaɗe ya yi rawaya ya daina girma, farin ƙuda ne ya sa masa cutar da feshi ba ya warkarwa, sai a tuge shi. Wanda ka tuge ka ga saiwarsa ta yi ƙulle-ƙulle, akwai tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, kada ka maimaita tumatir ko kuɓewa ko gauta a wurin, sa albasa ko masara.

Itatuwa kuma kuskurensu sai bayan shekaru yake bayyana. Ana dasa mangwaro taku biyu daga katanga ko kusa da salga, a manta cewa itace ne da ke neman fili na mita takwas zuwa goma, inuwarsa kuma za ta hana kayan lambu rana, alhali suna buƙatar aƙalla awa shida. Ƙaramin gida lemun tsami da gwaiba da gwanda suka dace da shi. Wanda yake da fili ya nemi mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, wanda ke fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, maimakon binne ƙwallo a yi ta jira. Cibiyar binciken noma ta IRAD tana da gonar itatuwa a Kismatari kusa da Garwa, inda aka daɗe ana aikin mangwaro da lemo. A lura da duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar auren a cire shi, in ba haka ba shi zai rinjaye. Gwanda kuwa akwai namiji akwai mace, shi ya sa ake shuka uku a rami ɗaya. In fure ya fito, namiji furanninsa ƙanana ne suna reto a dogon sili, mace furenta babba ne manne da jikin itace. A bar mace mafi ƙarfi a kowane rami, namiji ɗaya ya ishi mata goma. A ɗaga mata gindi da ƙasa kafin Agusta, don kwana biyu cikin kwantaccen ruwa yana iya ruɓar da saiwarta.