Yadda zaka haɗa jerin shahararrun tsofaffin ɗaliban jami'a ba tare da an ƙaryata ka ba

Idan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗora maka aikin tattaro sunayen manyan mutanen da suka yi jami'arku, 'yan fim da mawaƙa da marubuta da 'yan siyasa da alƙalai, ko kuma kai ne kawai ka ga dama kake so ka rubuta a shafinka ko a Wikipedia, to kar ka fara da Google tukuna. Fara buɗe Excel ko ka samu takarda ka ja layuka, ka ware gurbin sunan da duniya ta san mutum da shi, da gurbin sunan da ya yi rijista da shi a makaranta, da abin da ya karanta, da shekarar da ya shiga da wadda ya fita, da inda ka samo bayanin. Sai kuma gurbi guda wanda shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya, wato alaƙarsa da jami'ar, shin gamawa ya yi aka bashi digiri, ko shiga ya yi ya fita bai gama ba, ko digirin girmamawa aka bashi, ko ma dai koyarwa kawai ya yi a can.

Wannan gurbin na ƙarshe shi mutane suke tsallakewa, kuma ta nan ake kama su. Ɗauki Bill Gates misali, kowa na cewa ɗan Harvard ne, eh ya shiga a 1973 amma ya bari a 1975 ya tafi harkar Microsoft, digirin da yake da shi daga can na girmamawa ne da suka bashi a 2007. Mark Zuckerberg ma haka, ya bari ya kama Facebook, sai a 2017 suka kira shi suka bashi na girmamawa. Toh idan ka jera su haka kawai kusa da wanda ya zauna ya yi shekara huɗu ya rubuta jarabawar ƙarshe, ba tare da ka yi bayani ba, kaga ka yaudari mai karatu ko da baka yi niyya ba. Ni a ganina wanda ya yi rijista ya zauna a aji ko da shekara ɗaya ce yana da damar shiga jerin, ai ɗalibi ne ya taɓa zama, amma a rubuta a gaban sunansa cewa bai kammala ba, shikenan ba wani abin kunya a ciki. Wanda kuma bai taɓa zama ɗalibi ba sai dai an yafa masa riga an ɗora masa hula ranar yaye ɗalibai, wannan a ware masa nasa jerin daban a ƙasa.

Akwai kuma waɗanda jami'o'i biyu ko uku suke ja-in-ja a kansu, kuma kowacce tana da 'yar gaskiyarta. Nelson Mandela ya shiga jami'ar Fort Hare da ke Afirka ta Kudu a 1939, a 1940 rikicin zaɓen wakilan ɗalibai ya sa ya bar makarantar, sai ya ƙarasa digirinsa na farko ta hanyar karatu daga gida a jami'ar UNISA, daga nan ya shiga jami'ar Witwatersrand, wadda ake kira Wits, karatun lauya a 1943 ya yi shekaru bai samu digirin ba, digirin lauyan sai a 1989 ya same shi daga UNISA yana tsare a gidan yari. Kaga mutum ɗaya jami'a uku, kuma idan kai jerin Wits kake haɗawa ka rubuta wai ya kammala lauya a nan, ƙarya ka yi, idan kuma ka cire shi kwata-kwata nan ma baka kyauta ba. Ruth Bader Ginsburg, wadda ta yi alƙalanci a kotun ƙolin Amurka, a Harvard ta yi shekara biyun farko na karatun lauya, amma takardar shaidarta ta Columbia ce ta 1959 saboda can ta koma ta ƙarasa. Barack Obama kuwa a kwalejin Occidental ya fara, ya koma Columbia ya gama a 1983, ya yi lauya a Harvard ya gama a 1991, sannan ya koyar a tsangayar shari'a ta jami'ar Chicago daga 1992 zuwa 2004. Ita Chicago malaminta ne ba ɗalibinta ba, don haka in jerinta kake yi sai ka kai shi sashen malamai.

Sannan ka riƙa duba ko mutum ya dawo daga baya ya ƙarasa, don ana yi. Steven Spielberg ya bar jami'ar jihar California da ke Long Beach tun yana saurayi ya shiga harkar fim, sai a 2002 ya dawo ya kammala, kaga duk wanda ya dogara da tsohuwar hirar jarida zai rubuta bai gama ba alhali ya gama.

Yanzu maganar suna. Nan ne 'yan nishaɗi suke wahalar da mutum, saboda sunan da ke jikin fosta ba shi ne a rijistar makaranta ba. Ka je kundin yaye ɗaliban jami'ar Pennsylvania na 1999 kana neman mawaƙi John Legend bazaka gan shi ba, John Stephens zaka gani. Marubuciya Toni Morrison da ta gama Howard a 1953, Chloe Wofford ce a takardun makaranta. Mata da yawa kuma da sunan gidan mahaifinsu suka yi karatu, Hillary Clinton lokacin da ta gama lauya a Yale a 1973 Hillary Rodham ce. Shi yasa na ce tun farko ka ware gurbi biyu na suna, ka fara gano sunan yanka ko sunan kafin aure, da shi zaka bincika. Ka kuma yi hattara da takwarori, mutum biyu suna ɗaya shekarar gamawa kusan ɗaya, in baka haɗa da fannin karatu da shekarar haihuwa ba sai ka ɗora wa wani bawan Allah da yake zaune lafiya a gidansa muƙamin minista.

Ita ma jami'ar kanta sai ka bi tarihin sunanta, domin da yawa ba da wannan sunan suka fara ba. Chinua Achebe ya gama a Ibadan a 1953, lokacin kwaleji ce ƙarƙashin jami'ar Landan, sai a 1962 ta zama mai cin gashin kanta, kenan digirin nasa na Landan ne duk da a Ibadan ya zauna. Makerere ta Yuganda ma ta bi ta hannun Landan, ta zama ɓangaren jami'ar Gabashin Afirka a 1963, sai a 1970 ta tsaya da ƙafarta, alhali Julius Nyerere tun shekarun 1940 ya yi karatun koyarwa a can kafin ya wuce Edinburgh. Masu zanen nan da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, a kwalejin fasaha da kimiyya suka yi karatu, ita jami'ar Ahmadu Bello sai a 1962 aka buɗe ta ta gaji wannan kwalejin. Ba laifi bane a saka su, gadon gidan ne ai, amma a rubuta sunan da makarantar take amsawa a lokacinsu.

Wani tarkon kuma shi ne jami'o'i masu suna iri ɗaya. Lincoln da ke jihar Pennsylvania a Amurka ita ce ta yaye marubucin waƙoƙi Langston Hughes a 1929, da Thurgood Marshall wanda ya yi alƙalanci a kotun ƙolin Amurka da Nnamdi Azikiwe a 1930, da Kwame Nkrumah a 1939, ƙaramar makaranta amma dubi irin mutanen, adabi da shari'a da siyasa duk a wuri guda. Toh akwai wata Lincoln ɗin a Missouri, akwai a Ingila, akwai a New Zealand, kuma ba abin da ya haɗa su sai suna. Haka kwalejin Trinity akwai a Cambridge akwai a Oxford akwai a Dublin. Duk inda ka ga an rubuta sunan makaranta a gajarce, tsaya ka tabbatar wacce ake nufi.

In ka gama wannan sai rabon fanni, nishaɗi, fasaha da adabi, siyasa, shari'a. Ƙa'idar da nake ganin ta fi sauƙi ita ce ka ajiye mutum a fannin da ya yi suna, ba fannin da ya karanta ba. Natalie Portman ilimin halayyar ɗan adam ta karanta a Harvard ta gama a 2003, amma ba wanda zai neme ta a sashen masana, wajen 'yan fim za'a duba. Rowan Atkinson ɗan barkwancin nan na Ingila injiniyan lantarki ya karanta a Newcastle ya ƙara digiri na biyu a Oxford. Abin da suka karanta yana nan a gurbinsa, kuma shi ne ma yake ƙara wa jerin armashi don mutane na son irin wannan abin mamakin.

Inda abin yake ɗan cakuɗewa shi ne masu ƙafa biyu ko uku. Ronald Reagan ya gama kwalejin Eureka a 1932, ya yi fim shekaru, ya yi gwamnan California, ya zama shugaban ƙasa a 1981. Volodymyr Zelensky lauya ya karanta ya gama a 2000, bai yi aikin lauyan ba ya shiga wasan barkwanci, a 2019 ya zama shugaban Yukiren, wato mutum ɗaya ya taɓo fanni uku cikin huɗun. Irin waɗannan ka saka su sau ɗaya a inda suka fi girma, a ɗaya sashen ka ɗan yi nuni cewa a duba can, kar ka maimaita cikakken bayani sau biyu jerin ya kumbura a banza.

Sashen shari'a yana da nasa abin lura. Ba duk wanda ya karanta lauya bane lauya, 'yan siyasa da yawa digirin kawai suka riƙe basu taɓa tsayawa gaban alƙali ba, su sashen siyasa ne nasu. Sashen shari'a ka bar shi ga alƙalan manyan kotuna, da manyan lauyoyin gwamnati, da lauyoyin da shari'o'insu suka kafa tarihi, da malaman da littattafansu ake karantarwa. Kuma ka bambance jami'a da wurin da ake rantsar da lauya, a ƙasashe da dama wuri biyu ne daban. Jawaharlal Nehru kimiyya ya karanta a Cambridge ya gama a 1910, lauyancinsa a Inner Temple ta Landan ya same shi, wadda ba jami'a bace, can ne Gandhi ma ya zama lauya a 1891. Shi ma Thurgood Marshall da na ambata a Lincoln digirin farko kawai ya yi, lauyan a Howard ya gama a 1933.

Toh a ina zaka tabbatar da duk wannan? Mafi ƙarfi shi ne ɗan littafin da ake rabawa ranar yaye ɗalibai, wanda ake buga sunan kowa da digirinsa, laburaren jami'a yawanci yana ajiye su shekara da shekara. Sai mujallar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da kundin hotunan 'yan ajin ƙarshe, sai tarihin rayuwa da majalisa ko kotu ta wallafa na mambobinta, sai littafin tarihin mutum da wani ya yi bincike ya rubuta. Abin da mutum ya faɗa da bakinsa a hira ko ya rubuta a shafinsa ka ɗauke shi a matsayin inda zaka fara, musamman 'yan siyasa gab da zaɓe, wani kwas ɗin sati biyu ya je amma zaka ga an rubuta ya yi karatu a jami'a kaza kamar shekara huɗu ya kwashe. Kuma shafuka goma da suka kwafi juna a intanet shaida ɗaya ce ba goma ba, wani lokacin ma in ka bi sawu sai ka tarar duk daga layi ɗaya na Wikipedia suka ɗauko wanda shi kansa ba madogara. Ofishin rijistara zai iya tabbatar maka ko mutum ya gama, amma kar ka sa ran su baka sakamakon jarabawarsa, kuma ko ya faɗo hannunka ba hurumin jerin bane, haka lambar waya da adireshi.

Maganar waye ma shahararre, nan sai ka daure don za'a matsa maka. Kowa yana da aboki ko ubangida da yake so a saka, shugaban ƙungiya ma zai turo sunayen waɗanda suka bada gudummawa. Ka rubuta ma'auninka tun kafin ka fara karɓar suna, misali wanda ya riƙe muƙamin ƙasa ko na jiha, ko ya ci babbar lambar yabo a fanninsa, ko jaridun da ba nasa ba sun yi rubutu mai tsawo a kansa, sai ka nuna wa duk wanda ya zo da ƙorafi. Yawan mabiya a Instagram kaɗai ni dai bana ƙirga shi.

Wanda ya yi suna sannan sunan ya ɓaci fa? In dai ya yi makarantar to ya yi, tarihi kake rubutawa ba takardar yabo ba, sai ka bar shi ka faɗi abin da aka tabbatar a taƙaice. Digirin girmamawa ne ake iya ƙwacewa, kamar yadda Edinburgh ta janye wanda ta ba Robert Mugabe a 2007, amma digirin da ya zauna ya yi a Fort Hare ya gama a 1951 yana nan ba wanda ya taɓa shi.

Wajen rubuta bayanin kowa layi ɗaya ya isa, suna, digiri da shekara, sai abin da aka san shi da shi. Ka guji kalmar "na yanzu" ko "mai ci", rubuta shekarun muƙamin daga kaza zuwa kaza, don ministan yau gobe tsohon minista ne kuma ba lallai ka tuna ka dawo ka gyara ba. Ka jera su da haruffa ko da shekarar gamawa, kar ka jera da girman muƙami in ba so kake a kira ka a waya ana tambayar me yasa sanata ya zo ƙasan mawaƙi ba. A can ƙasa ka saka ranar da ka yi gyaran ƙarshe da hanyar da mai gyara zai aiko maka, kuma duk wanda ya aiko da sabon suna ka ce ya haɗo da shekarar gamawa da inda ya gani.